TAFIYAR KAƊAICI A GAƁAR TEKU: NASIHA GA SAMARI MASU JAKAR GOYO

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya hore teku, Ya sanya taurari su zama alamu ga matafiya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, akwai wata irin tafiya da ta yaɗu a zamanin nan, wadda asalinta daga samarin Turawa ne, amma yanzu ta fara shiga zukatan namu samarin. Saurayi zai tara 'yan kuɗinsa, ya zuba tufafi kala uku ko huɗu a jakar goyo, ya rataya, ya kama hanyar wata ƙasa shi kaɗai. Ba fatauci ne ya kai shi ba, ba karatu ba, ba aikin Hajji ba. Yau yana wannan gari na bakin teku, jibi yana wancan, yana kwana a masauki mai araha, har wata biyu ko uku su wuce bai ga fuskar wanda ya san sunan mahaifinsa ba. Sau da yawa bayan an tashi daga karatu wani zai tsaya ya ce mini, "Malam, irin wannan tafiya ta halatta kuwa?"

To, ni ba zan ba ka amsa da kalma ɗaya ba, domin ni kaina na yi irin wannan tafiya bayan da na gama jami'a. Makonni shida na yi ina bin gaɓar tekun Atlantika a ƙasar Maroko, daga Agadir da ke kudu har zuwa Tanja da ke ƙurewar arewa, ni da jakata kurum. Na ga amfani, na kuma ga abin tsoro, kuma abin tsoron nan a cikin zuciyata na gan shi. Shi ya sa na ga ya wajaba in gaya maka gaskiya, ta littafi da ta ido.

TAFIYA A KAN KANTA BA LAIFI BA CE

Da farko, kada wani ya ce maka Musulunci ya hana fita ganin duniya. A cikin Suratul Ankabut, aya ta 20, Allah Maɗaukakin Sarki Ya umarci mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su duba yadda Ya fara halitta. A cikin Suratur Rum, aya ta 42, Ya umarce su su yi tafiya su duba yadda ƙarshen mutanen da suka gabata ya kasance. A cikin Suratul Mulk kuma, aya ta 15, Ya ce Ya hore mana ƙasa don mu bi sasanninta mu ci arzikinSa. Magabatanmu kuwa matafiya ne na gaske. Jabir ɗan Abdullahi, Allah Ya yarda da shi, ya yi tafiyar wata guda cur zuwa ƙasar Sham saboda hadisi ɗaya tak da yake wurin Abdullahi ɗan Unais.

Amma fa ka lura, duk inda aka yi umarni da tafiya, an haɗa shi da dubawa da tunani. Suratul Hajji, aya ta 46, ta yi wa waɗanda suka yi tafiya ba su hankalta ba faɗa, ta bayyana cewa makanta ta ainihi ita ce ta zuciya. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa kanka tun kafin ka nemi biza ita ce, me zan je nema? Idan amsarka ta gaskiya ita ce hotunan da za ka sa a Facebook don abokanka su ji haushi, to, ka sayi gajiya da kuɗinka, ka kuma ƙara wa kanka ciwon son a gani. Idan kuwa amsar ita ce kana so ka je inda babu idon gida don ka ɗanɗana abin da kake jin kunyar yi a unguwa, to wannan tafiyar saɓo ce tun daga ƙofar gida, kuma mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa mai tafiyar saɓo ba shi da rangwamen ƙasaru.

HUKUNCIN TAFIYA KAI KAƊAI

Sa'an nan sai maganar kaɗaici, wadda ita ce ƙashin bayan wannan nasiha. Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa, haka nan Abu Dawuda da Tirmizi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya siffanta matafiyi ɗaya da shaiɗan, biyu da shaiɗanu biyu, sai uku ne ya kira ayari. Bukhari kuma ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Annabi ya yi gargaɗi mai tsanani game da tafiyar dare ga mutum shi kaɗai. Har ila yau an yi umarni cewa idan mutum uku suka fita, su naɗa ɗayansu shugaba.

Malamai sun yi bayanin hikimar wannan. Wanda yake shi kaɗai, idan ya yi rashin lafiya babu mai jinyarsa, idan ya mutu babu mai yi masa sutura ko mai kai wasiyyarsa gida, ba shi da jam'in salla, kuma Shaiɗan ya fi samun hanya a kansa, kamar yadda kura ke ɗaukar tunkiyar da ta ware daga garke. Sun kuma bayyana cewa idan akwai bukata ko lalura ya halatta, domin Annabi da kansa ya aiki Zubairu shi kaɗai, ya kuma aiki Huzaifa shi kaɗai cikin dare a lokacin yaƙin Khandaƙ. Wasu malaman zamani sun ce wanda ya shiga jirgi ko mota cike da mutane, a kan hanyar da ake bi dare da rana, bai shiga wannan hani ba, tun da ba shi kaɗai ba ne a daji.

Wannan magana tasu daidai ce ta fuskar tsaron jiki. Amma ni ina gaya maka, ɗan'uwa, mutum yana iya zama cikin mota mai mutum hamsin alhali kuwa shi kaɗai ne ta fuskar addini, domin babu ɗaya daga cikinsu da zai ce masa, "Tashi, lokacin La'asar zai fita." Wannan shi ne kaɗaicin da ya kusa kayar da ni.

ABIN DA YA SAME NI A TAGAZUT

Arewa da Agadir da kamar kilomita 20 akwai wani ɗan ƙauyen masunta da ake kira Tagazut, wanda ya zama matattarar samarin duniya masu wasan hawan igiyar ruwa a kan allo. Na sauka a wani masauki irin na masu jakar goyo, watau ɗaki ɗaya gadaje takwas masu hawa biyu, kamar ɗakin kwanan 'yan makaranta. Abokan ɗakina Turawa ne, mutane masu fara'a, babu wanda ya ci mini fuska ko ya hana ni ibada. Da dare kowa ya hau saman soro, ana hira, ana kallon teku, wasu da kwalabe a hannu. Na ce wa kaina ai ni shayi nake sha, kuma ina gyara Turancina, wataƙila ma in yi musu wa'azi. Ban yi wa'azin ba. Hira ta kai mu har ƙarfe biyu na dare.

Ban farka ba sai da rana ta haska bangon ɗaki. Ni da na yi shekaru ina karanta babin lokutan salla, har na ci jarrabawa a kansa, ga ni ina rama Asuba da hantsi, a ɓoye a bayan ƙofa kamar ɓarawo. Washegari haka ta sake faruwa. A rana ta uku na ji kiran salla sarai da kunnena, domin akwai masallaci a ƙauyen, amma sai na ji nauyin in tashi in yi motsi in dami masu barci, na ce bari in ɗan jira, barci ya sake ɗauke ni.

Ran nan na zauna a kan dutse a bakin ruwa na yi wa kaina hisabi. Ashe a gida ba ni kaɗai nake tayar da kaina ba. Akwai gyaran muryar mahaifina a tsakar gida, akwai ƙarar buta, akwai maƙwabcin da ke buga ƙofar shagona, akwai kunyar a ce jiya ba a ga wane a sahu ba. Duk waɗannan katanga ce da Allah Ya kewaye ni da ita ban sani ba, ina zaton ƙarfin imanina ne. Da aka cire katangar sai ga ainihin nauyina ya fito a sikeli. Na tuna kuma an hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya, ko da shi ba ya sha. Laifin ba na masu masauki ba ne, ba na Turawan nan ba ne, nawa ne.

To, ya kai mai shirin tafiya, wannan jarrabawa tana jiranka. A bakin teku za ka ga tsiraici wanda ba ka saba gani ba, kuma aya ta 30 ta Suratun Nur da ta umarci muminai maza su runtse idanunsu ba ta da hutun tafiya. Wani zai tare ka a lungu ya yi maka tallan tabar wiwi da murya ƙasa ƙasa. Zuciyarka za ta ce maka, wa ya san ka a nan? Amsar tana cikin Suratul Hadid, aya ta 4, inda Allah Ya sanar da mu cewa Yana tare da mu da saninSa duk inda muke. Ubangijin Kano da Zinder Shi ne Ubangijin Agadir.

KANA DA GIDA A KOWANE GARI

Daga nan na ɗauki wa kaina ƙa'ida ɗaya, ita ce kuma nake so ka riƙe idan ka manta da sauran maganata: duk garin da na sauka, kafin in nemi wurin kwana sai na nemi masallaci, sa'an nan in nemi masauki kusa da shi, inda kiran salla zai shigo mini har gado.

Da wannan ƙa'ida na shiga Sawira, wadda Turawa ke kira Essaouira, tafiyar wajen awa uku a mota daga Agadir. Gari ne mai ganuwa da iska mai ƙarfi, wanda Sarki Muhammadu ɗan Abdullahi ya gina wajen shekarar 1765, ya zama tashar da ayarin Timbuktu ke sauke kaya don a zuba a jiragen ruwa. Na sami wani ɗan masallaci a cikin tsohon gari. Da liman ya tayar da sallar Magariba sai na ji karatu da ruwayar Warshu, irin wadda muka taso da ita a makarantar allo. Wallahi sai na ji kamar an mayar da ni gida. A Maroko ba a barin wanda ba Musulmi ba ya shiga mafi yawan masallatai, saboda haka abokan tafiyata iyakarsu bakin ƙofa da ɗaukar hoto. Ni kuwa ina da wuri a sahu, kafaɗa da kafaɗa da masunta da kafintoci.

Bayan kwana uku sai zazzaɓi da ciwon ciki suka kwantar da ni. Yini guda ina kwance a ɗaki, ko ruwa ba ni da mai miƙo mini, sai wannan bayani na malamai game da matafiyi ɗaya yake ta dawo mini. Da yamma aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani dattijo ne kafinta da nake tsayawa kusa da shi a sahu, ya ga ban zo Asuba ba, ban zo Azahar ba, ya bi yana tambayar inda baƙon nan yake kwana. Ya zo da kwanon miyar da suke kira harira, da burodi. Ya ce, "Ɗana, me ya hana ka aiko?" Na ce, "Baba, wa zan aika?" Ya ce to daga yau ka sami wanda za ka aika. Shi ya raka ni wurin mai magani.

Ka duba fa. Babu abin da ya haɗa ni da wannan bawan Allah sai sahu. Ba da kuɗi na saye shi ba, ba a waya na same shi ba. Mai jakar goyo wanda ba ya salla baƙo ne a ko'ina, amma kai Musulmi Allah Ya ajiye maka dangi a kowane gari, sau biyar a yini suna taruwa. Wanda ya bar wannan ya tafi neman abokai a saman soro, ya bar gida ya kwana a tasha.

SAUƘIN DA SHARI'A TA YI MAKA

Kada kuma ka fita sai ka san hukuncin tafiya, domin jahilci a nan yana jawo ɗayan biyu, ko mutum ya ƙuntata wa kansa har ya gaji ya saki, ko ya yi wasa da salla da sunan ƙasaru.

Ƙasaru tana cikin salloli masu raka'a huɗu ne kaɗai, watau Azahar da La'asar da Isha'i, su koma raka'a biyu biyu. Asuba da Magariba ba a taɓa su. A mazhabar Imamu Malik nisan tafiyar shi ne mil 48, wajen kilomita 80. Idan ka isa gari ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, ka zama mazauni, sai ka cika salla tun daga isarka. Wannan mas'ala ta shafi mai jakar goyo ƙwarai, domin kullum yana tsakanin sauka da tashi. Misali, wanda ya zauna mako guda a Agadir, sa'an nan ya nufi Tagazut kurum, ba zai yi ƙasaru ba, don tafiyar ba ta kai ba. Wanda ya nufi Sawira kuwa zai yi. Idan ka bi liman mazauni, sai ka cika tare da shi. Idan za ka shiga doguwar mota wadda ba za ta tsaya maka ba, an yi maka rangwamen haɗa Azahar da La'asar, da haɗa Magariba da Isha'i, amma babu rangwamen barin salla har lokacinta ya fita.

Muslim ya ruwaito daga Aliyu, Allah Ya yarda da shi, cewa an iyakance wa matafiyi kwana uku da dararensu yana shafa a kan huffi, mazauni kuwa yini da dare. An yi maka izini ka sha azumin Ramadan ka rama daga baya. Juma'a ba ta wajaba a kanka ba matuƙar kana matafiyi, amma idan ka halarta ta isar maka, kuma ina yi maka nasiha kada ka bari ta wuce ka. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, kuma abin da ya mutu a cikinsa halal ne, kamar yadda Annabi ya amsa wa wani mai shiga teku da ya tambaye shi. Saboda haka a bakin teku ba ka da uzurin rashin ruwan alwala, kuma duk inda ka yi shakkar nama, ga kifi. Game da alƙibla, kada ka dogara ga waya kaɗai, don caji yana ƙarewa. A wannan gaɓa ta Atlantika rana tana faɗuwa ne a cikin teku, alƙibla kuwa tana gabas, to idan ka ba wa mafaɗar rana baya ka kusa daidai.

Wani abu kuma, za ka ga ƙubbobi farare a kan ƙaburbura a bakin hanya, ana kai musu ziyara. Kai dai ka san cewa ba a ɗaura sirdi don neman lada ta musamman sai zuwa masallatai uku, na Makka da na Madina da na Ƙudus. Ka yi wa mamata sallama da addu'a, ka roƙi Allah Shi kaɗai, kada kuma ka tsaya jayayya da mutanen gari kana baƙo. Ka yawaita addu'a a hanya, domin addu'ar matafiyi tana cikin waɗanda ake amsawa.

ABIN DA DUWATSU SUKE FAƊI

Idan ka gyara niyya ka tsare salla, sai idonka ya buɗe ga abin da aka umarce ka ka duba. A Agadir na hau tudun da tsohuwar ganuwa take. A daren 29 ga Fabrairu 1960, a farkon watan Ramadan, ƙasa ta girgiza na kamar sakan 15, mutum fiye da 12,000 suka rasu, aka sake gina gari daga tushe. Masu yawon buɗe ido suna hawa wurin don kallon faɗuwar rana. Kai ka hau ka tuna cewa waɗannan mutane sun sha ruwa da Magariba suna shirin sahur.

A Jadida na shiga ganuwar da Turawan Fotugal suka fara ginawa a 1514, suka riƙe ta shekara fiye da 250, suna ganin sun zauna ke nan. A 1769 suka fita ta ƙofar teku, aka kwashe mutanensu har zuwa Barazil. A Kasabalanka na yi salla a masallacin Hassan na Biyu, wanda aka gama a 1993, wani sashensa a kan ruwa, hasumiyarsa kimanin mita 200. A Rabat kuwa, tafiyar awa guda daga nan, ga hasumiyar da Sarki Yaƙubul Mansur ya fara, yana nufin ya gina masallacin da babu kamarsa. Ya rasu a 1199, aiki ya tsaya a mita 44, har yau ginshiƙai ne tsaye babu rufi. Sarki mai runduna bai gama abin da ya fara ba, to ina ga ni da kai da muke cewa sai mun dawo daga yawo za mu shiryu?

IBNU BAƊUƊA DA HAKKIN IYAYE

Ƙarshen tafiyata Tanja ce, garin Ibnu Baɗuɗa, wanda duk mai jakar goyo yake kafa hujja da shi. Gaskiya ne an haife shi a nan a 1304, kuma ya fita a 1325 yana da shekara 21, shi kaɗai ba abokin tafiya. Amma masu kafa hujja da shi ba su karanta gaba ba. Na farko, Hajji ya nufa. Na biyu, bai daɗe ba ya haɗu da abokan tafiya, ya bi garuruwan gaɓar Bahar Rum tare da su. Zazzaɓi ya kama shi a hanya har sai da ya ɗaure kansa a kan sirdi da rawaninsa don kada ya faɗi. Da suka isa Tunis mutanen gari suka fito tarbar 'yan'uwansu, shi babu wanda ya gaishe shi, kaɗaici ya kama shi har ya fashe da kuka, sai da wani mahajjaci ya lura ya zo ya lallashe shi. Daga Tunis da ayarin alhazai ya tashi, har suka naɗa shi alƙalinsu saboda karatunsa. Watau ilminsa ne guzurinsa, jama'a kuma ita ce garkuwarsa. Da haka ya yi kusan shekara 30 yana yawo, har ya zo Takadda ta ƙasar Nijar ta yau a 1353.

Amma ga abin da ya fi taɓa ni. Ya bar iyayensa biyu da rai, bai sake ganin ko ɗayansu ba. A Dimashƙa, a 1348, ya sami labarin mahaifinsa ya rasu tun shekara 15 da suka wuce. Mahaifiyarsa kuwa annoba ta ɗauke ta yana kan hanyar dawowa, ƙabarinta ya tarar a 1349. To, ɗan'uwa, wani mutum ya zo neman izinin fita jihadi, Annabi ya tambaye shi ko iyayensa suna da rai, da ya ce i, sai ya mayar da shi ya yi ƙoƙarinsa a kansu. Idan jihadi ne aka mayar da mutum saboda iyaye, ina ga kallon teku? Kada ka fita sai da yardarsu ta gaskiya, ba irin yardar da uwa ke yi tana share hawaye don kada ta ɓata maka ba. Idan su tsofaffi ne kuma kai ne mai ɗawainiyarsu, ajiye jakar.

A Tanja, idan gari ya yi garau, kana hango tsaunukan Sifen, domin mashigin ruwan a inda ya fi ƙunci bai wuce kilomita 14 ba. Ta nan Ɗariƙu ɗan Ziyad ya haye a shekarar 711. A nan na ga samari 'yan Afirka ta Yamma, sa'o'inka, suna zaune suna kallon wancan haye. Idan Shaiɗan ya raya maka cewa tun da ka zo nan ka ƙarasa a kwalekwalen roba cikin dare, ka ce masa ranka amana ce. Ruwan nan ya ci mutane da yawa waɗanda har yau iyayensu suna jiran waya. Wanda ya shiga ƙasar mutane da biza ya ɗauki alkawari, Musulmi kuwa ba ya saɓa alkawari. Ka fita kafin kwanakinka su cika.

KAMMALAWA

To, ga amsar tambayarka. Idan za ka sami abokai biyu na kirki ku zama uku, ku naɗa shugaba, wannan shi ne sunna, shi ne kuma ya fi. Idan ba ka samu ba, kuma kana da manufa ta halal, hanya tana da aminci, to ka cika waɗannan kafin ka rataya jaka: yardar iyaye, kuɗin halal ba na bashi ba, ba kuma wanda ka tauye hakkin iyali ka tara ba, fasfo da biza na gaskiya, wasiyya a rubuce, sanin hukuncin ƙasaru da tsarki, wani a gida wanda kullum ya san garin da ka kwana, da ranar dawowa tabbatacciya. Annabi ya siffanta tafiya da yanki na azaba, ya yi umarni cewa wanda ya biya bukatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa. Ka guji tafiyar dare kai kaɗai. Ka sa ɗan ƙaramin Alƙur'ani da abin salla a saman jaka, ba a ƙasanta ba.

Idan kuwa ka san a gida ma sai an yi da gaske kake tashi Asuba, to kada ka ruɗi kanka. Wanda ƙafarsa ke rawa a kan tudu ba ya gwada ta a kan santsi. Ka zauna ka gina kanka tukuna, teku ba za ta ƙafe ba.

Allah Ya tsare mu a zaune da a tafiye, a gaban mutane da a bayan idonsu. Allah Ya mayar da matafiyanmu gida lafiya da imaninsu, Ya jiƙan iyayenmu, Ya sa mu cika da kyau da imani. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.